Japhet Ɗan Garuwa, Attajirin Gidan Wuta

Duk Kontagora ban san mutumin da ya shiga wuta ya fito kamar Baba Japhet ɗan garuwa ba. Kowace shekara ranar Ista da la'asar yake shiga, kafin faɗuwar rana ya fito, ya tuɓe riga ya miƙo mini tana ɗigar gumi, washegari kuma ka gan shi yana tura kurar ruwansa kamar ba shi ba. Ni ce telar da ta ɗinka rigar, ni ce kuma mai wanke ta, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Majami'armu tana da al'adar yin wasan kwaikwayo ranar Ista, kuma tun ina budurwa labari ɗaya ake yi, ba a taɓa canzawa ba. Shi ne labarin nan na cikin Littafi Mai Tsarki, na attajirin da ke cin daɗi kullum da miskinin da ke kwance a ƙofarsa karnuka suna lasar gyambonsa. Duka biyun suka mutu. Mala'iku suka kai miskinin wurin Ibrahim, attajirin kuwa ya farka cikin wuta, ya ɗaga ido ya hango su, ya roƙi a aiko miskinin ya tsoma ɗan yatsa a ruwa ya sanyaya masa harshe. Ibrahim ya ce ba hali, akwai babban rami a tsakani, na nan ba ya zuwa can, na can ba ya zuwa nan. Wannan shi ne labarin, kuma harabarmu kamar don shi aka yi ta. Akwai lambatu da ya ratsa tsakiyarta, shi ne ramin. Gefe ɗaya inuwar mangwaro ce, nan ne sama. Ɗaya gefen fili ne fetal inda rana ke dukan ƙasa, nan ake jera kurfotin girkin matan zumuntar majami'a a yi da'ira, a hura gawayi, a watsa ƙaiƙayi don hayaƙi. A watan Afrilu na Kontagora ko ba a hura komai ba wurin ya isa a kira shi da sunansa.

Japhet ya zo garin nan ne daga wani ƙauye a bayan Rijau, yana saurayi, Hausarsa tana tafe tana tuntuɓe da Dukanci. A shekarar da ya zo, masu shirya wasa sun rasa wanda zai yi attajiri. Kowa na son ya zama mala'ika, har kare ma ana samun masu so, amma attajiri kowa sai ya ce Allah Ya kiyaye, baki shi ke yanka wuya. Masu hannu da shuni na cikinmu su ne suka fi kowa gudun abin, wai kada mutane su yi musu wata fassara. Sai wani mai wayo ya ja baƙon nan gefe ya ce masa a farkon wasan attajiri yana cin shinkafa da kaza, na gaske, da lemo mai sanyi. Bai gaya masa ƙarshen wasan ba, shi ma Japhet bai tambaya ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, da cinyar kaza aka sayi mutumin nan har tsufansa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ya iya. In ya sa rigar nan ta shunayya ya harɗe a kujera, yana yagar kaza yana harbin miskini da ƙafa, sai ka rantse da azurfa aka yi masa wankan jego. In kuma aka jefa shi tsakiyar kurfoti, to, ranar mata ba sa komawa gida da kwalli. Yana birgima, yana yaƙushin maƙogwaro, yana kiran Baba Ibrahim da wata murya da ba ta da ruwa ko ɗigo. An yi shekarar da wani ya tashi tun wasa bai ƙare ba ya je ya mayar da akuyar da ya ɓoye. Abin ya shiga kan Japhet. Ya zama in baƙon mai wa'azi ya zo yana kwatanta gidan wuta, sai ka ga Japhet yana girgiza kai a bencinsa, bayan an tashi ya same shi ya ce, “Malam, ka yi ƙoƙari, amma ba haka take ba.”

Ibrahim kuwa ba a taɓa rasa mai yinsa ba, domin Dattijo Jacob ya riƙe kujerar tun gemunsa na buƙatar taimakon auduga har ya daina buƙata. Shi ne mai rijiyar burtsatsen unguwarmu, inda Japhet ke ɗibar ruwan da yake sayarwa, shi ne kuma mai gidan buga bulo a hanyar Rijau. Yana zama a gindin mangwaro cikin farin mayafi, da fanka a bayansa da ruwan leda a ƙarƙashin kujera. Miskinin kuma ɗansa ne, Miracle, wanda tun yana yaro wuyansa ya yi ninki. Ni nake yaga masa sabon yadi in mai da shi tsumma, a shafa masa tumatirin gwangwani a ƙwauri a matsayin gyambo, mala'iku huɗu su ɗauke shi suna nishi. Haka muka yi shekaru muna kallon mai rijiya yana hana mai tallan ruwa ɗigon ruwa, muna tafi, muna cewa amin. Ban taɓa jin wanda ya ce abin ya yi masa banbaraƙwai ba.

Suna ya bi Japhet. Yara suka daina ce masa Baba Japhet, sai Baba Wuta. Abdulfatahi mai shayi na bakin titi, wanda kowace shekara yakan leƙo ta katanga ya yi kallo, in ya hango kurarsa sai ya ɗaga murya ya ce, “Baba, an dawo lafiya? Ya mutanen can? Ka ga kawuna kuwa?” Japhet ya yi dariya ya ce ya gan shi, yana gaishe ka, ya ce an ajiye maka wuri. Lokacin yana da ƙarfi, mutuwa kuma labarin wasu ce.

Da girma ya zo, dariyar ta ragu. Ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yanke masa a kan ɗan tudun da a da yake hawa da waƙa. Matarsa Rahila ta kai shi asibiti, aka ce zuciya ce, aka ba shi magani da shawarar ya huta, irin shawarar da ake ba wanda ke da abin ci a ajiye. Ana cikin haka sai malamar makarantar Lahadi ta tambayi yara ko su waye za su shiga wuta, jikarsa ta ɗaga hannu da murna ta ce, “Kakana.” Mutane suka yi ta ba da labarin suna dariya. Shi bai yi ba. Rahila ta gaya mini ya daina gama tuwonsa, ya zama yana zaune a ƙofar ɗaki yana kallon murhu kamar sun taɓa yin faɗa.

Sai ya je wurin sabon fastonmu, matashi ne, bai daɗe da fitowa daga makarantar tauhidi ba, ilimin yana nan da zafinsa. Fasto ya zaunar da shi ya buɗe masa Littafi. Ya ce mutuwa ga mai bi barci ce, ranar ƙarshe za a tashe shi. Ya ce wurin da attajirin nan ya shiga ma ba shi ne gidan wuta na ƙarshe ba, wurin jiran matattu ne kafin shari'a, ainihin tafkin wuta sai bayan an yi hukunci, kuma a ranar ita kanta mutuwa za a jefa ta ciki. Yana tsammanin ya kwantar masa da hankali. Sai Japhet ya ce, “Wato Fasto, duk shekarun nan a zaure nake, ban ma shiga cikin gidan ba?”

Fasto ya ce ba nufinsa ke nan ba, wasa wasa ne, Allah ba da rigar tela yake shari'a ba.

“Na sani,” in ji Japhet. “Amma duk wanda ya san ni a garin nan, in ya rufe ido a cikin wuta yake ganina. Na ji a jikina wannan ce Istata ta ƙarshe. Abu ɗaya nake roƙo, a bar ni in yi miskinin sau ɗaya. Ina so ganin ƙarshe da za su yi mini ya zama a inuwa.”

Fasto ya kai maganar gaban masu shirya wasa, kowa ya ce ai wannan ba komai ba ne, Allah sarki, a ba shi. Da aka zo tambayar wa zai shiga wuta, sai kowa ya tuna yana da hawan jini. Fasto ya ce to abu mai sauƙi, a yi musanya, Miracle ya yi attajiri. Uwarsa Agatha ta ce sai dai bayan ranta, ita ba ta haifi ɗa don a yi masa mugun fata ba. Amma Dattijo Jacob ba shi da damar ƙi, domin shi ne mutumin da ya shekara da shekaru yana dafa kafaɗar Japhet yana ce masa wasa ne kawai. Ya haɗiye abin ya amince. Agatha ta shiga azumi, ta kuma kawo mini wani man addu'a ta ce in shafa a wuyan rigar.

Sai da na buɗe rigar shunayya ta kowane gefe na ƙara mata ƙyalle kafin ta shiga Miracle. Na Japhet kuwa, na kai masa tsumman da aka saba, ya ɗaga ya duba, ya dubi rigar da ke jikinsa, muka dubi juna. Tasa ta fi dacewa. Na naɗe tsummana na koma da shi shago.

Ranar Ista harabar ta cika maƙil, har da baƙi daga Salka da Ibeto, domin labari ya bazu cewa bana Baba Wuta zai shiga sama. Farkon wasan ya tafi daidai. Miracle ya ci kaza da gwaninta, wannan ba sai an koya masa ba. Japhet ya kwanta a ƙofa, ba a shafa masa tumatir ba don ƙafafun sun isa shaida. Da ya mutu, mala'iku suka sunkuya da shirin nishin da suka saba, sai suka ji kamar sun ɗauki damin kara. Suka ƙetare lambatu da shi, suka zaunar da shi kusa da Dattijo, iskar fanka ta taɓa shi. Na ga fuskarsa a lokacin. Ya lumshe ido yana murmushi, ya gyara zama, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya don ya tabbatar kowa ya gani. Rahila tana gefena tana share hawaye da bakin zane, ni ma dai ban tsira ba.

Aka jefa Miracle cikin kurfoti. Matan zumunta kuwa, ban ce da gangan ba ne, amma gawayin bana ya fi na kullum yawa. Da farko yaron yana faɗin abin da ya haddace, yana ɗaga hannu yadda ya ga Japhet na yi. Can sai muryar ta canza. Hayaƙi ya shige masa, rigar ta manne, kazar da ya ci ta tsaya masa a ƙirji. Ya daina cewa Baba Ibrahim, ya koma cewa Baba kawai. “Baba, ruwa. Da gaske nake, Baba.” Jama'a suka ɗauka gwaninta ce, har wasu na cewa ashe yaron ya fi tsohon.

Dattijo Jacob ya miƙe da lasifika a hannu, ya gyara mayafi. Wannan ne wurin da ya fi so a duk shekara, ba kuma zai bari a ɓata masa ba. Ya ja murya ya ce ɗana, ka tuna ka sha daɗinka a duniya, ya bi jawabin nan tiryan-tiryan har zuwa babban rami, bai tsallake ko kalma ba. Ɗansa na durƙushe yana tari.

A labarin, miskini ba ya cewa komai, zama kawai yake yi a inuwa. Abin da Japhet ya roƙa ke nan, abin da aka ba shi ke nan, kuma saura kaɗan a rufe da waƙa ya tafi gida da shi. Na ga ya buɗe ido ya dubi yaron. Ya kau da kai, ya sake dubawa. Sai ya sunkuya ya zaro ruwan leda daga ƙarƙashin kujerar Ibrahim, ya dafa gwiwa ya miƙe.

Wata mala'ika ta riƙe masa hannu, ya zame. Dattijo ya manta lasifika na kunne, ya ce, “Japhet, dawo ka zauna, babu wannan a Littafi,” duk harabar ta ji. Japhet bai waiwaya ba. Da ƙafafun nan nasa ba ya iya tsallake lambatu, sai da ya zauna a bakinsa, ya zura ƙafa ciki, ya rarrafa ya hau ɗaya gefen, jama'a na kallo ba mai motsi. Ya ratsa tsakanin kurfoti kamar mai shiga ɗakinsa, ya ciji bakin ledar, ya tallafi kan Miracle ya ba shi. Sauran ya zuba masa a ƙeya.

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka fara tafi suka ga ba a taya su ba suka daina. Mawaƙa suka rasa ko su tashi. Daga kan katanga Abdulfatahi ya ce, “Ashe taku wutar da sauƙi, har ruwa ake kaiwa,” kuma wannan maganar ce ta fi komai ƙona dattawa.

Majalisar dattawa ta zauna a kansa cikin makon. Ina ɗakin ina ninke kayan mala'iku, kuma ba wanda ke korar tela, ana ɗaukarmu kamar keken ɗinki. Dattijo Jacob ne ya fi kowa zafi. Ya ce Japhet ya ƙara a kan Maganar Allah a gaban baƙi da maƙwabta, ya koya wa yara cewa ana ƙetare ramin, ya mai da gidan wuta wurin da ake kai ziyara. Fasto ya yi ƙoƙarin sassautawa, ya ce abin da sauƙi, Baba ya tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya ce ya yi kuskure ya tuba, shi ke nan. In ya ƙi, sai horo: bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, kuma kowa a ɗakin ya san abin da ake yi wa wanda ya mutu a ƙarƙashin horo, ba a shigo da gawarsa majami'a.

Japhet yana zaune yana haki, hularsa a gwiwa. Ya ce, “Dattijo, ka taɓa shiga?”

Dattijo ya ce ba wannan ake magana ba.

“Ni na shiga,” in ji shi. “Na san lokacin da mutum ke wasa, na san lokacin da harshe ya manne. Ban ce an canza Littafi ba, na haddace wurin nan tun ba a haifi Fasto ba. In can Allah Ya hana ni ƙetarewa, Shi ne Ya hana, ba zan yi gardama ba. Amma nan lambatu ne.”

Fasto ya ce, “Baba, kalma ɗaya ce. Ka tuna abin da ka zo ka roƙe ni.”

Ya daɗe yana juya hular. Na san yana so, domin na ga yadda ya zauna a inuwar nan. Sannan ya ce, “Fasto, ka yi mini alheri, na gode. Amma in tsaya a gaban Allah in ce na tuba da ba mai ƙishi ruwa, bakina ba zai iya ba. Ku rubuta abin da za ku rubuta.”

Suka sa shi a horo. Ya riƙa zuwa kowace Lahadi, Rahila na riƙe da shi, ya zauna a bencin baya kusa da ƙofa, tiren Jibi ya zo daidai shi ya juya. Ban taɓa jin haushin mutanen da nake sujada tare da su kamar a makonnin nan ba, kuma har yau bai gama sauka ba. Bai kai tsakiyar damina ba ya rasu.

A tsakar gidansa aka yi addu'a, a gurguje. Fasto ya karanta wurin da aka ce za a share dukan hawaye, mutuwa kuma ba za ta ƙara kasancewa ba, bai kuma ce komai a kan inda mamacin ya nufa ba, kowa ya cike da abin da ke ransa. Miracle yana Abuja, aiki ya riƙe shi. Dattijo Jacob dai ya yi abin kirki, ya aiko da ruwan leda jaka-jaka don masu zaman makoki, kowace leda da sunansa a jiki.

Da Ista ta sake zagayowa na ɗauka za a bar wasan, tunda ba wanda zai shiga wuta. Ashe an riga an shirya. Miracle ne zai sake yin attajiri, wai mutane sun yaba masa bara. Ana saura mako guda Agatha ta zo shagona da jan yadi da mai ruwan ɗorawa, ta ce in yanka su tsini-tsini kamar harshen wuta, za a ɗaura a jikin fanka su riƙa kaɗawa, majalisa ta ce gawayi yana da haɗari ga lafiya. Na tambaye ta yaushe aka gano haka. Ta ce in dai yi sauri, ranar Asabar za su gwada.